Abin Wuyan Kyanwa: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ran wata Asabar da sassafe, cikin damina, ina wucewa ta wani layi a unguwar Utako da ke Abuja, sai na tarar da mutane sun taru a gindin wata katanga, kowa ya ɗaga kai sama. Da na matsa kusa sai na ga abin da su ke kallo. Wata farar kyanwa ce ke reto a jikin wayar nan mai reza wadda a ke shimfiɗawa bisa katanga saboda ɓarayi. Wani jan ƙyalle ne da aka ƙulla mata a wuya ya sarƙe a wayar, ita kuwa ta zame, ƙafafunta na baya kaɗai ke karce bango. Ta daina kuka ma, sai harshe a waje. Wani dattijo mai gadin gidan ya kawo tsani, ya naɗe hannunsa da buhu, ya hau ya datse ƙyallen da wuƙa. Kyanwa ta faɗo, ta yi jim a ƙasa, sa'an nan ta miƙe tana tangaɗi ta shige kwalbati.

Na ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Ta gidanku ce?"

Ya ce, "A'a, Malam, ta gidan baya ce. 'Yar autar gidan ce ta ɗaura mata ƙyallen nan don yara su daina jifarta, su san da mai ita. Ka ga ikon Allah, abin da aka yi don a tsare ta shi ya so ya halaka ta."

Maganar dattijon nan ita ta sa na ɗauki alƙalami. Yarinyar ta yi tunani mai kyau, gama kyanwar birni tana bukatar shaidar da za ta nuna tana da ubangiji. Inda aka yi kuskure shi ne irin abin da aka ɗaura, da irin ƙullin da aka yi.

GARIN DA BA A SAN JUNA BA

Sa wa dabba shaida tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Fulani suna tsaga kunnen saniya, kowane gida da irin tsagarsa. Masu raƙuma suna yi musu lamba da wuta. Matan ƙauye su kan ɗaura wa kaza ɗan tsumma a ƙafa ko a fiffike, su shafa wa akuya launi a gadon baya. Amma kyanwa ba a damu da sa mata kome ba, domin babu bukata. A cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina, duk inda mage ta tsallaka katanga gidan maƙwabci ta faɗa, shi kuwa ya san ta, ya san uwarta, ya san gidan da aka karɓo ta.

Abuja ba haka ta ke ba. A 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, a ran 12 ga Disamba 1991 kuma aka taso daga Legas. Utako tana cikin unguwannin kashi na biyu na tsarin birnin, tsakanin Wuse da Mabushi da Jabi da Wuye. Ga babbar kasuwa, ga tashoshin manyan motocin da ke zuwa kudu da arewa, ga ofisoshi da otal-otal da gidajen haya masu hawa-hawa. Mutum zai yi shekara a gida bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba. Masu haya suna tashi, waɗansu suna shigowa, kyanwa kuwa ba ta san an yi ƙaura ba, ta kan kama hanyar tsohon gida ta ɓace a tsakani.

Duk da haka mutanen unguwar suna kiwon kyanwa, kuma da dalili. Inda duk a ke tara hatsi da busasshen kifi da ragowar abinci, ɓera ba ya rabuwa da wurin, ga shi kuwa tun da aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, jama'a sun ƙara ƙyamar ɓera a cikin gida. Waɗansu kuma don sha'awa su ke kiwonta, har da irin masu tsada da a ke kawowa daga waje. Amma kyanwar da ta fita ba shaida, ko ta gidan wane ce, ta zama 'yar titi. Yara su jefe ta, wani ya sa mata guba, wani ma, in baƙa ce ta kuma fito da dare, ya ce ba kyanwa ba ce, wani abu ne ya rikiɗa. Abin wuya shi ke gaya wa kowa, tun daga nesa, cewa wannan dabba akwai mai neman ta.

YADDA ABIN WUYA KE ZAMA AJALI

Akuya da kare a ƙasa su ke yawo, saboda haka igiya mai ƙarfi ta dace da su. Kyanwa kuwa mahayiya ce. Tana hawa itace, tana bin kan katanga, tana kutsawa tsakanin ƙarafan taga, tana shiga ƙarƙashin janareta da cikin injin mota. Gidajen Utako cike su ke da abin da zai kama wuya: waya mai ƙaya, tsinin ƙarfe bisa ƙofa, ƙarafan da ke riƙe da na'urar sanyaya ɗaki, da igiyar shanya.

Likitocin dabbobi sun san hanyoyi huɗu da mugun abin wuya ke cutar da kyanwa. Ta farko ita ce ratayewa, kamar yadda na gani da idona. Ta biyu, idan abin ya yi sako-sako, kyanwa tana lasar ƙirjinta sai muƙamuƙinta na ƙasa ya shige ciki, bakinta ya tsaya a buɗe, ba ci ba sha, tana fisge-fisge har ta ji wa kanta rauni. Ta uku ita ce ta hammata. Kyanwa ta kan sa ƙafar gaba don ta cire abin, sai ƙafar ta wuce, abin ya koma ya ratsa daga wuya zuwa hammata. Kullum ta taka sai ya ƙara yanka. Irin wannan rauni yana da wuyar warkewa ƙwarai, domin fatar wurin ba ta daina motsi, sau da yawa sai an yi ɗinki fiye da sau ɗaya, a lokacin zafi kuma ƙuda ba ya jinkirin sa masa tsutsa. Abin wuya na roba mai talewa shi ya fi jawo wannan, ko da ya ke da can an ɗauka shi ne mai aminci. Ta huɗu ita ce ta mantuwa: a ɗaura wa 'yar kyanwa zare ko robar ɗaure kuɗi, ta yi ta girma abin bai girma ba, gashi ya rufe shi, har ya nutse cikin nama ba wanda ya lura sai wari ya tashi.

Magabata ma ba su bar wannan batu ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari an ruwaito cewa a wata tafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika a yanke tsirkiyar baka da a ke ratayawa a wuyan raƙuma. Imamu Malik ya fassara hanin da cewa saboda masu yin haka don tsoron kambun baka ne, waɗansu malamai kuma suka ce har da gudun kada tsirkiyar ta shaƙe dabbar in tana gudu ko ta sarƙe a itace. Haka nan kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya ɗauki dabba ya ajiye, ya ɗauki amana.

WANDA YA DACE SHI NE MAI ƁALLEWA

Mutum in ya je sayen bel ko igiya, mai ƙarfi ya ke nema. A wajen kyanwa kuwa abin juye ya ke: abin wuyan kirki shi ne wanda zai ɓalle da kansa da zarar nauyin kyanwar ya hau kansa. Irin wannan yana da maɓallin roba mai baki biyu da ke shiga juna, ba shi da harshen ƙarfe irin na bel ko agogo. In ya sarƙe a waya, kyanwa ta fisga, sai maɓallin ya buɗe, abin ya zauna a wayar, ita kuwa ta sauka lafiya. An yi asarar 'yan kuɗi kaɗan, an tsira da rai.

Kada mai saye ya dogara ga rubutun da ke jikin leda, domin akwai na jabu masu kama da shi. A gaban mai kanti, ka ƙulla shi, ka sa yatsa ɗaya a kowane gefe, ka ja a hankali. In ya buɗe ba da wahala ba, to, shi ne. In sai ka yi da gaske, ka ajiye masa kayansa. Ka duba kuma ko gefensa yana da kaifi, ko an manna masa duwatsun ado da za su ɓalle kyanwa ta haɗiye. Wanda ke ƙyalli in fitilar mota ta haska shi ya fi, gama kyanwa da dare ta ke yawo, titunan Utako kuwa ba su rabuwa da mota.

In an zo sawa, ma'auni shi ne yatsa ɗaya ko biyu su iya shiga tsakanin abin da wuyan, kada ya wuce haka. A sa shi ranar da mutum zai wuni a gida, a sa ido kwanakin farko, domin a lokacin ne kyanwa ta fi ƙoƙarin cire shi. A riƙa dubawa kowane mako, musamman ga mai tasowa. 'Yar kyanwa ƙarama ba a sa mata, sai ta kai wajen wata shida, domin nauyinta bai isa ya buɗe maɓallin ba. Har wa yau, ba a ɗaure kyanwa a turke ta wuya kamar akuya. Wanda zai fita da ita, ya sa ta a kwando mai murfi, ko ya nemi ɗamarar da ke kama ƙirji da kafaɗu.

Akwai masu cewa kyanwa ba ta yarda da abin wuya sam. An gwada wannan. A 2010 Dokta Linda Lord ta Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka, tare da abokan aikinta, sun buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan kyanwoyi 538. Bayan wata shida, 391 daga cikinsu suna nan da abin wuyansu. Amma 18 sun taɓa sarƙe ƙafa ko baki, ko abin ya kama a jikin wani abu. Watau yawanci suna sabawa, sai dai haɗarin ba ƙarya ba ne, shi ya sa a ke cewa a sa ido. Wanda ba zai sami mai ɓallewa ba, gara ya bar wuyan haka nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

MAGANIN ƘUMA DA ƘARARRAWA

A kantunan kayan dabbobi akwai abin wuyan da aka jiƙa da maganin ƙuma da kaska. A nan sai an yi hattara ƙwarai. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi don karnuka suna ɗauke da sinadaran da hantar kyanwa ba ta iya narkarwa, babba daga cikinsu shi ne wanda a ke kira fametirin. Kyanwar da ya shiga jikinta za ta kama rawar jiki, yawu na zuba, daga nan sai farfaɗiya, in ba a hanzarta kai ta asibiti ba ta mutu. Saboda haka abin da aka rubuta na kare ne, kada a yanke shi a rage tsawo a sa wa kyanwa. Haka nan masu shafa wa dabba fiya-fiya ko kananzir su sani kyanwa da harshe ta ke wanka, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai tafi. A tambayi likitan dabbobi kafin a sa kome.

Ƙararrawa kuwa, kowa ya san tatsuniyar taron ɓeraye da suka yanke shawarar rataya wa kyanwa ita, aka rasa mai zuwa. Ashe shawararsu tana kan hanya. Wani bincike da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya ta buga a 2005 ya nuna kyanwa mai ƙararrawa ta kan rage kamun ɓeraye da makamantansu da wajen kashi ɗaya cikin uku, na tsuntsaye ma ya ɗan fi haka. To, mai shago a kasuwar Utako wanda ya ajiye mage don tsaron buhunan shinkafa, in ya sa mata ƙararrawa ya yi wa ɓera aiki. Amma mai kiwon tattabaru ko 'yan tsaki a bayan gida, shi ƙararrawa za ta amfane shi.

ABIN DA ZA A RUBUTA

Abin wuya ba rubutu rabin shaida ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar waya, lambobin nan 11 cif, a rubuce yadda mai gadi ko mai shayi zai iya karantawa. A kan zana ta a jikin ɗan faifan ƙarfe mara nauyi, amma wanda ke kwance a jikin abin wuyan ya fi mai lilo, domin mai lilo yana iya maƙalewa a raga ko ƙarfen taga. Mafi sauƙi ma shi ne a kai wa mai ɗinkin surfani ya ɗinka lambar a jiki, ko a rubuta da alƙalamin da ba ya gogewa, a riƙa sabuntawa. Kada a rubuta adireshin gida, don gudun kada mugu ya fake da kawo kyanwa ya leƙa gida. Tun da ya ke mai ɓallewa ya kan ɓace, a sayi biyu ko uku a ajiye. A kuma ɗauki hoton kyanwar ta gaba da ta gefe a waya, a nuna wa masu gadin layin tun kafin ranar ɓata.

Yanzu akwai na'urorin bin sawu da a ke maƙalawa a wuya, waɗanda ke nuna wa mai ita inda ta ke a wayarsa. Suna da amfani, amma suna da nauyi, suna bukatar caji, waɗansu har da kuɗin wata. Su ma a jikin mai ɓallewa za a sa su, ba a jikin bel ba.

SHAIDAR DA BA TA FAƊUWA

Mai karatu zai ce, to, in abin wuya ya ɓalle, ina shaida? Amsar wannan ita ce 'yar ƙwayar nan da likitoci ke kira maikurocif. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa ne, tsawonta wajen milimita 12. Da allura a ke sa ta ƙarƙashin fata a bayan wuya, cikin ɗan lokaci kaɗan, ba sai an yi aiki ba. Ba ta da batir, ba ta kuma nuna inda kyanwa ta ke. Abin da ke cikinta lamba ce mai lambobi 15 wadda babu wata dabba a duniya mai irinta. In aka kara na'urar karantawa a bayan kyanwar sai lambar ta fito, a duba rajista a ga mai ita.

A 2009 Dokta Lord ɗin nan ta buga sakamakon binciken da ta yi a gidaje 53 na ajiye dabbobin da aka tsinta a Amurka. Cikin kyanwoyin da ba su da ƙwayar, waɗanda suka koma ga masu su ba su kai 2 cikin 100 ba. Cikin masu ita kuwa, fiye da 38 cikin 100 sun koma gida. Babban abin da ya hana sauran komawa shi ne lambar wayar da ke rajista ta daina aiki. Wannan darasi ne gare mu, mu da ke yawan sauya layi. A Ingila kuwa, tun ran 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta sa wa kowace kyanwar gida ƙwayar kafin ta kai mako 20, wanda ya ƙi kuma ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500.

Amma mu faɗi gaskiya: a Utako wanda zai tsinci kyanwarka ba ma'aikaci ba ne mai na'ura a hannu, mai gadi ne ko ɗan kasuwa. Shi lambar wuya zai gani. Amfanin ƙwayar a nan shi ne ranar gardama, in wani ya riƙe kyanwar ya ce tasa ce, sai a tafi wurin likita a kara na'ura. Tana kuma da amfani ga mai shirin ƙaura da dabbarsa zuwa Turai, gama tun Yulin 2011 Tarayyar Turai ita ta ke nema, kuma sai an sa ta kafin a yi allurar haukan kare, sa'an nan a gwada jini, a jira wajen wata uku. Saboda haka shaidar fili da ta ɓoye, kowace da ranarta. Mai neman shawara zai samu a asibitocin dabbobi na cikin Abuja, ko a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

BA DON KYANWA KAƊAI BA

Akwai wani dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu ta cizon kare ne, amma kyanwa ma tana ɗauka, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yakushi. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. A ƙasar nan Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafinsa ta karnuka, kowace ran 28 ga Satumba kuma a kan yi gangamin tunawa da shi a duniya.

Ka ɗauka kyanwa ta ciji yaro a layi. Abu na farko, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a kai shi asibiti nan take ba jira. Daga nan likita zai tambaya: ta wane ne, an yi mata allura? In tana da lamba a wuya, kira ɗaya ya isa a ga katin allurarta, a kuma tsare ta kwana 10 ana lura da lafiyarta. In babu, sai iyaye su kwana cikin zullumi. Ana fara yi wa kyanwa allurar ne tana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Muzurun da aka yi wa fiɗiya kuma ba ya yawon nesa, ba ya yawan faɗa, saboda haka ɓatansa da ɗaukar cutarsa sun ragu.

Bayan kamar mako uku na sake bi ta layin nan. Na tarar da dattijon zaune bisa bencinsa, farar kyanwar tana kwance ƙarƙashi. Har yanzu akwai zoben da gashi ya zube a wuyanta inda ƙyallen ya ci, amma an sa mata shuɗin abin wuya mai maɓallin roba, da lambar waya ɗinke da farin zare. Ya ce mini wannan shi ne na biyu, na farkon yana can rataye bisa wayar katanga.

Jama'a, wanda ke da kyanwa a gida ya kira ta yau ɗin nan, ya sa yatsa a wuyanta ya duba. In zare ne ko ƙyalle ko roba, ya ɗauko almakashi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da muka ajiye, amin.